Ko da tarihi ya canza, Faransa ba za ta saki kujerarta ba

Malam, na karanta hasashen da ka yi cewa da majalisar dokokin Faransa ta amince da rundunar tsaron Turai ta haɗin gwiwa a 1954, da yanzu Tarayyar Turai cikakkiyar mamba ce a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta wuce 'yar kallo. Ni kam ban gamsu ba.

Sashe na 4 na kundin Majalisar ƙasashe kaɗai ya yarda su zama mambobi. To ko a wancan tarihin naka, sai Turai ta narke ta zama ƙasa guda tukuna. Wa zai ba da ƙuri'u 27 ya karɓi ɗaya? Balle Faransa, mai kujerar dindindin da ikon hawa kujerar na-ƙi a Kwamitin Sulhu. Janar De Gaulle kuwa da ya dawo mulkin Faransa a 1958 ai da ya wargaza shirin.

Kuma kallon nan ba na banza ba ne. Tun 1974 wakilan haɗin gwiwar Turai suke da wannan matsayi na 'yan kallo, a 2011 aka ƙara musu damar yin jawabi da gabatar da shawarwari. Ƙuri'a ce kawai babu, ita kuwa ƙasashensu na kaɗa musu.