Kafin a sake gina Khartum, a tuna da masu karo

Duk wanda ya taɓa kwana a Mayo, can kudancin Khartum, ya san ƙarar da ke biyo bayan sallar asuba: yaro na buga sanda a jikin ganga, jaki na jan karo, ruwa ya iso unguwa. Mata su fito da jarkoki, a yi ciniki, a zuba. Gidan da ke Amarat ko Riyad, unguwannin masu hali, yana da famfo, ya biya kuɗin wata ya huta. Talakan bakin gari kuwa kullum sai ya saya, kuma idan aka lissafa, shi ne ya fi biyan ruwa da tsada.

Lokacin da Sudan ta samu 'yancin kai a 1956, Khartum da Bahri da Umdurman gaba ɗaya mutanensu kusan kwata miliyan ne. Ƙidayar 2008 ta samu fiye da miliyan 5 a jihar Khartum. Farin 1984 ya koro jama'a daga Kordofan da Darfur, yaƙin Kudu da aka yi daga 1983 zuwa 2005 ya koro wasu. Suka kafa bukkoki a fili, daga baya suka yi ginin laka, hukuma ta kira wurin ashwa'i, wato zaman da ba tsari.

Mu Hausawan Sudan mun daɗe da sanin wannan kalma. Kakanninmu sun zo a ƙafa kan hanyar hajji, wasu sun biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar, wasu suka yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira bayan an buɗe su a 1925. Waɗanda suka shigo babban birni sun zauna unguwar Ishash Fallata shekara da shekaru, da masallatansu da makarantun allonsu. Da gari ya faɗaɗa ya iske su, filin ya yi daraja, sai aka tashe su zuwa unguwar Ingaz a bakin gari. Tsofaffi har yau idan suna ba da labarin, nisa suke fara ambata: mai sana'ar da ke takawa kasuwa a ƙafa ya koma neman kuɗin mota safe da yamma.

Abin da ke damuna shi ne, birnin yana cin gumin waɗannan mutane amma yana ƙyamar maƙwabtaka da su. Mai shayin da ke bakin ofis, wadda ma'aikata ba sa fara aiki sai sun zauna a kujerunta, daga bakin gari take fitowa tun duhu. Haka mai agashe, naman da sunansa ma Bahaushe ne, haka mai godogodo, da birkila, da direban raksha, wato keke mai ƙafa uku.

Yaƙin da ya ɓarke tsakanin soja da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tona wannan asiri. Masu hali sun nufi Masar ko Bur Sudan. Wuta ta ɗauke, famfuna suka bushe, ofisoshi suka rufe. Waɗanda suka rage sun rayu ne da takaya, tukunyar unguwa da matasa da mata ke dafa wa kowa wake ko adas da kuɗin da 'yan uwa ke turowa ta Bankak, manhajar banki ta waya, da kuma ruwan karo. Dabarar da talaka ya koya saboda an manta da shi ita ta riƙe har gidajen da a da ba su san farashin ganga ba. Ko Bur Sudan da aka gudu can, da madatsar Arba'at mai ba garin ruwa ta fashe a Agustan 2024, masu tallar ruwa aka koma nema.

Tun da soja ya karɓe Khartum daga hannun RSF a Maris ɗin 2025, maganar rushe ashwa'i ta dawo. Masu goyon baya na cewa wasu gidajen suna kan hanyar ruwa, kuma wanda ya ga ambaliyar 1988 ko ta 2020 ba zai musa ba. Waɗannan kam a matsar da su, amma kusa, kuma a ba su fili kafin a taɓa bango. Suna kuma cewa ɓarayi sun ɓuya a can. To a kama ɓarawo a kai shi kotu; ba a ƙona rumbu don ɓera.

Sauran unguwannin a auna su a inda suke, a fitar da tituna, a kai bututu, a ba kowa takardar filinsa. A nan ne Bahaushe ke da fargaba ta musamman, domin takardar fili na bin lambar ɗan ƙasa, kuma ba ɗaya ba biyu ba an nemi mutumin da aka haifi kakansa a Sinnar ya kawo shaidar cewa shi ɗan Sudan ne. Rikicin yankin Damazin na Yulin 2022 tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu, inda aka kashe mutane da yawa, kan ƙasa da sarauta ya taso. Idan za a kafa kwamitin rabon filaye a Mayo ko Ingaz, a sa dattawan unguwa da matan da suka riƙe takaya a cikinsa, su ne suka san wanda ya zauna a kowane gida da wanda ya shigo jiya.