Yadda Na Yi Odar Wuƙar Layya

Shekara bakwai ina aron wuƙa. Duk ranar Babbar Sallah, da an sauko daga idi sai in tura Abba gidan maƙwabcina, wani Alhaji mai sayar da taya, ya ce Babana yana gaisuwa, wai in an gama da wuƙa. Mu ne na huɗu a layin aro. Kafin ta iso gidanmu ta riga ta bi wuyan raguna biyar, rana ta take, ragona ya gaji da jira har ya koma kallona da tausayi. A Sallar 2024 yaron ya dawo da wuƙar da kuma saƙo: "Alhaji ya ce a gaya maka, wanda ya iya sayen rago ai ya iya sayen wuƙa."

Maganar nan ta tsaya min a maƙogwaro kamar ƙashin kifi. Da mai hankali ne, da washegari ya shiga Kasuwar Barci ya zaɓi wuƙa a faifan mai wuƙaƙe, ya biya, ya huta. To ni ina da waya, ina da data, ga kuma daren da ba wuta. Na faɗa YouTube, na yi ta kallon wasu Turawan Amurka masu gemu suna ƙira a garejin gidajensu. A can na ga abin da suke kira ƙarfen Dimashƙ. Sai su jera falle-fallen ƙarfe iri biyu, ɗaya mai sinadarin nikel, su gasa, su daka har su haɗe, su ninke, su sake dakawa. Falle 8 in aka ninka sau 5 ya zama 256. A ƙarshe su tsoma a asid, zane ya fito a jikin wuƙar kamar igiyar ruwan kogin Kaduna a watan Agusta. Abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne, a wurinsu mai saye ke zayyana komai: tsawo kaza, mariƙi na ƙaho ko na icce kaza, a rubuta suna a nan, a yi kube mai launi kaza. Na ce ashe haka ake yi, mu muna nan muna karɓar duk abin da aka miƙo mana.

Wata biyu kafin Sallar 2025 na yagi takarda daga littafin darasi (malamin makaranta ne ni, kada a ce ban faɗa ba), na zana wuƙata, na hau Keke Napep daga Unguwar Dosa zuwa Tudun Wada, wajen Panteka. Wanda bai taɓa shiga wurin nan ba, ya tanadi kunnen aro. Masu tukwanen alminiyam na bugu, masu walda na feshin wuta, masu gwangwan na jan kaya, kowa da ihu yake magana. Tambaya ta kai ni wata rumfar kwano a can ciki, inda wani dattijo ke zaune gaban wuta. Uwar maƙerarsa guntun ƙarfen titin jirgi ce. Zuga-zugin fata kuwa an yi musu ritaya, wani saurayi ne ke juya wilin keke yana hura gawayin ƙirya.

Na gaishe shi, na ce, "Baba, wuƙar layya nake so, amma ta musamman."

Ya miƙa hannu bayansa ya zaro guda uku. "Zaɓi, Malam. Duk na sifirin mota ne."

Na ce a'a, na buɗe takarda, na kuma nuna masa hoton waya. Ya karɓa ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Wannan zanen, shi ke yankan?"

"A'a, Baba, ado ne."

"To ragon zai gani?"

Na yi dariyar yaƙe na ci gaba da karatu. Na ɗaya, tsawonta kamu guda, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ya ce taƙi ɗaya da ɗan ɗori ya ishi rago, kamu guda sai raƙumi. Na biyu, kada ta yi tsatsa. Ya ce ƙarfen sifirin yana tsatsa, maganinsa a wanke, a goge, a shafa man gyaɗa, in kuwa farar wuƙa nake so irin ta kanti, ga hanya nan. Na uku, kaifin da ba ya dakushewa har abada. A nan ne ya ajiye masaba ya gyara zama.

Ya ce, "Malam, ƙarfe kamar yaro yake. In ka gasa shi ya yi ja, ka tsoma a baƙin mai, zai yi tauri, amma taurin kwalba, yana faɗuwa ya tsage. Sai ka sake nuna masa wuta kaɗan-kaɗan har ya yi launin zuma, ya sauko. Wanda bai sauko ba ya karye, wanda ya sauko da yawa ya lanƙwashe. Wuƙar da ba a wasawa ba a haife ta ba."

Maimakon in yi shiru in ƙaru, sai na ce ai su Turawa maganaɗisu suke karawa, in ya daina kama ƙarfen to zafi ya kai. Gaskiya ne kuwa, haka ake yi. Amma gaya wa mutumin da ya shekara arba'in yana karanta launin wuta da ido, wannan karambanin akuya ne, gai da kura. Ya dube ni ya ce, "To Allah ya ba su lafiya."

Dimashƙ dai ya ce ba zai yi ba, ba shi da injin daka, kuma kafaɗarsa ba ta haya ba ce. Sai saurayin nan mai juya wili, wanda na lura tun ɗazu yake leƙen wayata, ya matso ya ce shi ya san dabara. A ɗiga kyandir a jikin ƙarfen, a zana da ƙusa, a zuba ruwan batir, zane zai fito. Baba ya ce, "Ku kuka sani." Na ba da kafin alƙalami na tafi ina jin kaina kamar wani basarake.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Matsalar ita ce kowane dare akwai sabon bidiyo. Bayan mako guda na koma na ce a yi mata haƙoran zarto a gadon baya, saboda ƙashi. Baba ya ce ƙashi aikin gatari ne. Na ce a yi dai. Mako na gaba na zo da ƙahon ragon bara a leda, na ce shi za a yi mariƙi da shi, don tarihi. Ya juya ƙahon a hannu ya ce, "Wannan a murɗe Allah ya yi shi. Ga iccen marke, ga ƙirya, ba sa zamewa a hannu." Na ce ƙaho. Aka gasa shi don a miƙar, warin da ya tashi ya sa masu walda na maƙwabta suka zo tambayar ko wani abu ya mutu. Zuwa na huɗu na ce a ƙara tsawon da yatsa uku, a kuma yanka wani ɗan giɓi kusa da mariƙi na buɗe kwalbar lemo. Ranar Baba bai ce komai ba. Sai da na juya zan tafi na ji yana cewa yaronsa, "Tambaye shi ko a sa mata rediyo."

Kube kuwa tun zuwan farko aka aika wa baduku awo, jar fata, da ɗinkin kore a baki. Ban tuna na gaya wa kowa a sake aika masa sabon awo ba.

Saura kwana biyar Sallah, muna tsakiyar taron malamai, yaron maƙerin ya yi ta kira. Na katse, ya turo saƙo: "Oga me za a rubuta a jiki?" Na amsa a ɓoye ƙarƙashin tebur: "Sunana kawai."

Ranar Laraba, 4 ga Yuni, na je karɓa. Baba ya ɗauko ta da hannu biyu ya ɗora a kan buhu. Jama'a, ban san lokacin da na ja da baya ba. Abin da na zana a takarda wuƙa ce, abin da ke gabana kuwa ɗan'uwan takobi ne da zarto ya haifa. Wani mai gwangwan ya ɗora ta a sikelinsa don nishaɗi, ta haura kilo 1. Zanen Dimashƙ ya fito, ba zan yi wa yaron ƙarya ba, sai dai ba igiyar ruwa ya yi kama da ita ba, makero ne sak, irin wanda ke fitowa a kan yara. Na tsaya ina jimamin makeron nan har ban juya ɗaya gefen ba. Baba ya ja bakinta a gashin hannunsa, gashi ya zube. "Kaifi nawa ne," in ji shi. "Sauran duk naka ne."

Aka kawo kube, ta shiga rabi ta tsaya, haƙoran suka kama fata. Dole aka naɗe ta da takardar siminti, na cika kuɗi, wanda in aka haɗa da na keke zuwa biyar ya isa sayen wuƙar kasuwa guda shida, na fito.

A cikin keke na ɗora ta a cinya. Muna shiga wani rami sai tsinin ya huda takardar ya leƙo, haƙoran suka biyo baya. Matar da ke gefena ta duba, ta duba fuskata, ta ce, "Innalillahi! Mai keke tsaya, ɗan sara-suka!" Ni da hular zanna da biro a aljihu. Kafin in buɗe baki har ta dire, kuma dai-dai wurin akwai 'yan sintirin unguwa zaune a benci.

Babbansu ya warware takardar a hankali. "Malam, wannan fa?"

"Wuƙar layya ce, ranka ya daɗe."

"Layyar me? Giwa?"

Na yi bayani tun daga aron wuƙa har Dimashƙ. Ya ce to mene ne shaidar tawa ce, ba ƙwato ta na yi ba? Nan na ji sanyi a raina. Na zaro katin aiki na miƙa masa da isa, na ce, "Juya ta, sunana na jiki."

Ya juya, ya goge man da babban yatsa, ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: "SUNANA KAWAI."

Manyan baƙaƙe, an buga su da kurfi ɗaya bayan ɗaya, a miƙe tsaf. Wallahi duk jikin wuƙar babu inda aka yi aiki mai kyau kamar wurin. Ɗaya daga cikinsu ya sauka daga benci ya riƙe ciki. Matar da ta tara min jama'a ma dariya take tana cewa a yi haƙuri. Babban ya miƙo min ita ya ce, "Tafi, Malam. Ɓarawo ba zai yi wannan wautar ba." Ashe a cikin 'yan kallo akwai wani yaron layinmu.

Maman Abba da ta gani tambaya ɗaya ta yi, ko za a iya fasa kwakwa da ita.

Ranar Juma'a aka yi Sallah. Kawuna ne ke yi mana yanka duk shekara, mutum ne mai kiyaye hadisin nan da ya ce a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Na kawo masa ita a kan tire, kamar ana miƙa sandar sarauta. Ya ɗaga, hannunsa ya yi ƙasa. Ya gwada riƙo, ƙahon ya juya a tafinsa don santsi. Ya sa yatsa a giɓin buɗe lemo ya ce wannan zai kama fata ya wahalar da bawan Allah. Sannan ya karanta rubutun, ya cire tabarau, ya sake mayarwa.

"Ɗana, da wa za mu yi yaƙi?"

Na ce a bari ko fiɗa in yi da ita. Ya ce bismillah, bayan an yanka da wuƙar mutane. Na kira Abba a hankali, na ce ya zaga ta baya ya je gidan Alhaji.

Fiɗar ma ban ji da daɗi ba. Wuƙar fiɗa gajera ce mai ɗan lanƙwasa, tawa kuwa ina taɓa nan sai tsinin ya ɓulla can. Fatar da muke kai wa makarantar Islamiyya duk shekara, bana da yaran suka zo karɓa suka ɗaga ta, ana hango rana ta wuri tara. Na ce to ko lemo a buɗe da ita, a ce dai ta yi wani abu. Aka kawo lemon, duk na roba ne.

Da yamma Abba ya mayar da wuƙar aro, ya dawo yana danne dariya.

"Baba, Alhaji ya ce a gai da Malam Sunana Kawai. Wai in ka gama da taka a ara masa, yana da tsofaffin tayoyin tirela da zai yanka."

Na ba shi ya kai. Wata na huɗu ke nan tana shagonsa, kuma na aika sau biyu, ana cewa akwai mutum uku a gabana.