Gidan tarihi ɗaya, deli ɗaya, dan Allah ku daina kashe baƙi da yawo

Akwai abin da ke damuna da mu masu karɓar baƙi a babban birni, kuma ni ma ina ciki don haka kar wani ya ce da shi nake. Ɗan uwa zai ce maka yana nan zuwa kwana huɗu, kai kuma tun bai hau jirgi ba ka zauna ka tsara masa yawon da kai kanka ba ka yi ba a shekara goma da ka yi a garin. Gidan tarihi uku rana ɗaya, sannan a je a tsaya a layin sanwici, wai don kar a koma a ce ba ka nuna musu gari ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, rabin wannan tsarin ba don su ba ne, so muke a ce ai wane ya san Niyok kamar yunwar cikinsa.

Ni Kawu ne ya yi maganina. Zuwansu na farko shi da Goggo, ƙarfe goma na shiga da su wani katafaren gidan tarihi, ina gaba ina ta zuba kamar an ɗauke ni aikin jagora, daga wannan ɗaki sai wancan, can wajen ƙarfe ɗaya na waiga ba Kawu ba dalilinsa. Na koma baya na tarar da shi a kan benci ya cire takalmi ɗaya yana matsa ƙafa. Na ce Kawu ku taso mana saura ɓangaren zanen Turawa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, ɗana mutanen nan da suka shekara ɗari huɗu a jikin bango ai ba yau za su gudu ba. Goggo ko uffan ba ta ce ba, kallon da ta yi min ma ya wadatar. A tasi muka koma, abincin da na yi sati ina kurantawa ko ƙamshinsa ba su ji ba.

Ashe ma abin tsohon ciwo ne. Tun 1916 wani ma'aikacin gidan tarihin Boston, Benjamin Ives Gilman, ya yi rubutu a kan gajiyar da ke kama masu zagayen gidan tarihi, har da hotunan mutum yana sunkuyo, yana durƙuso, yana ɗage wuya don kawai ya ga abin da aka jera. Tafiyar wajen daban take, taku uku ka tsaya, taku uku ka tsaya, a kan daɓe mai tauri, wallahi ta fi doguwar tafiya cin ƙugu. Saurayi ma awa biyu ya ji a jikinsa balle dattijon da jiya jiya ya sauka daga jirgi barcinsa bai daidaita ba.

Ɗauki Met misali, wato katafaren gidan tarihin Metropolitan da ke kan titin Fifth Avenue a gefen Central Park. Tun 1870 aka kafa shi, kayan shekara 5,000 ne a ciki, ba mahaluƙin da zai gama shi a rana ɗaya, ko a sati. Kuma ga wani tarko da na lura da shi a kaina. Tun 2018 suka canza tsari, biya abin da ka ga dama ɗin nan ya koma na mazauna jihar Niyok da ɗaliban jihohi uku kawai, baƙon da ya zo daga nesa cikakken kuɗi zai biya, zuwana na ƙarshe dala 30 ne babba, yara ƙasa da shekara 12 kyauta. Toh ka biya wa manya biyar dala 150, sai zuciya ta fara raɗa maka ai sai an ci kuɗin nan, shikenan ka koma makiyayi kana kora mutane daga ɗaki zuwa ɗaki. Kuɗin dai ya riga ya tafi malam, ƙafar Goggo ba za ta dawo da shi ba.

Abin da nake yi yanzu, tun a gida nake zaɓar abu biyu ko uku. Haikalin Dendur na farko, ginin dutse ne sukutum na zamanin sarki Augustus, Masar ta ba Amurka kyauta a 1965 saboda taimakon ceto kayan tarihin da ruwan madatsar Aswan zai cinye, aka kwance shi dutse dutse aka kawo, aka buɗe shi a nan a 1978. Ɗakin ga faɗi ga haske ga wurin zama, ba sai ka yi dogon bayani ba, mutum da idonsa. Daga nan mu hau sama ɓangaren fasahar ƙasashen Musulmi da aka sake buɗewa a 2011, akwai ɗan tsakar gida da magina daga birnin Fas na Maroko suka zo suka sassaƙa da hannu, akwai ɗakin baƙi na Dimashƙu na 1707. A nan Goggo ta fi minti ashirin tana kallon dardumomi, ita da na ɗauka ba ruwanta da irin wannan. Shikenan mu fita tun ana marmari. Af, kuma ranar Laraba a rufe yake, kar ka kwashi mutane ka je ka sha kunya a bakin ƙofa.

In da yara a tawagar kuwa ni ba na ma wahalar da kaina, gidan tarihin halittu da ke ɗaya gefen Central Park za mu. Kifin whale mai ƙafa 94 a rataye a sama, ga ƙasusuwan dinaso, yaro da kaka duk baki suke saki.

Sai batun deli, inda nan ne ma aka fi tafka kuskure. Da farko ma kalmar abu biyu take nufi a garin nan. Akwai ɗan shagon kan kwana da ke sayar da komai ya kuma haɗa maka sanwici, da yawansu Yamanawa ne ke riƙe da su, shi ma deli ake ce masa. Sannan akwai asalin wanda ake tasowa takanas don shi, na Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai a ƙarshen ƙarni na 19, kalmar kanta daga Jamusanci ta fito. Sarkin abincinsu fastirami, naman sa ne da ake jiƙawa a ruwan gishiri kwana da kwanaki, a shafe shi da masoro da kayan ƙamshi, a banda shi da hayaƙi, sannan a turara har ya yi laushi, a yanka a jibga tsakanin burodi biyu da mustad, ga kokwamba mai tsami a gefe.

Kowa Katz's yake ambata, na kan titin Houston, da suke lissafin tarihinsu daga 1888, kuma ba zan yi ƙarya ba naman ya kai. Amma ka san wa za ka kai. Tun daga ƙofa za a miƙa wa kowa tikiti, ko bai ci komai ba sai ya mayar da shi wajen fita, wanda ya yar kuwa sai an ci shi tara, don haka ni karɓe na kowa nake yi in zuba aljihu ɗaya. Ka bi layin mai yanka, ya ɗan yanko maka ɗanɗano, ka ajiye masa tukuici, sannan ka ɗauki tire kana neman tebur cikin hayaniya. Ga matasa wannan ɗin shi ne daɗin, ga dattijo mai ciwon gwiwa a ranar Asabar da rana kuwa azaba ce. Irin su Kawu gara wajen da za a zauna a zo a tambaye su me za su ci, kamar 2nd Avenue Deli da aka buɗe a 1954, wanda abin dariya tun 2007 yana titi na 33 amma sunan yana nan. Kuma sanwici ɗaya ya ishi mutum biyu, kar kunya ta sa ka yi odar shida a koma da huɗu a leda.

Tambayar da ya kamata ka yi tun a waya ita ce me mutum ke ci me ba ya ci. Katz's ba kosha ba ne a ƙa'idance, 2nd Avenue kosha ne, wato bisa ƙa'idar abincin Yahudawa, ba alade kuma ba a haɗa nama da madara ko cuku. Ko hakan ya gamsar da baƙonka ko bai gamsar ba shi zai faɗa, ba kai za ka yanke masa a gaban kanta ba mutane na jira a baya. Wanda ya ce shi dai a bar nama, ga Russ & Daughters da aka kafa a 1914, nan kusa da Katz's a titi ɗaya, kifi ne sana'arsu. Sai dai ka yi gargaɗi, kifin a sanyaye yake kuma a ido kamar ɗanye, Goggo ta juya shi sau biyu ta ce a mayar musu su ƙarasa dafawa, har yau in na tuna sai na yi dariya.

Abin da na fi yarda da shi dai shi ne a haɗa su bibbiyu ta kusanci, a manta da wanne ya fi suna. Gidan tarihin halittu da shagon abinci na Zabar's, 'yar tafiya ce zuwa Broadway, a saya a samu benci a zauna. Katz's da Tenement Museum na titin Orchard, tsohon gidan haya na 1863 da mutum kusan 7,000 suka zauna a cikinsa kafin 1935, ka ga ɗakunan da irin mutanen da suka kawo abincin suka rayu sannan ka fito ka ci abincin, wannan haɗin ya yi min. Amma fa da jagora ake shiga, a kan lokaci, ana ta bayani da Turanci, kuma ka tambayi batun matakala kafin ka sayi tikiti. Sannan dan Allah tarihi tukuna kafin ciki, duk wanda ya ɗora fastirami ƙarfe ɗaya ba zane ba ko zinare ka nuna masa hamma zai yi maka.

Na san wani zai ce ai mutum ya kashe kuɗin jirgi, wataƙila ba zai sake zuwa ba, a bar shi ya ga komai. Na ji, in shi ya nema da bakinsa bismillah, akwai 'yar yayata da ta yi awa biyar a MoMA, gidan zane-zanen zamani, ni ne ma na gaji na fita na jira ta a waje. Amma ita ta zaɓa. Kawu kuwa zuwansa na biyu awa ɗaya da rabi muka yi a Met, muka ci abinci a zaune, da yamma na sa su a jirgin ruwan Staten Island da ko sisi ba a biya, minti 25 zuwa minti 25 dawowa, yana zaune yana shan iska yana kallon mutum-mutumin 'yanci daga nesa. Da muka sauka cewa ya yi, ɗana gobe ma nan za mu dawo ko akwai wani bangon da ka tanadar mana?