A Daina Kiran Narkakken Gishiri “Koren Sinadari”

Duk bayan ’yan watanni sai wata jami’a ta fitar da sanarwa: wai an gano ruwan sinadari mai asid da zai mayar da totuwar masara, ɓuntun shinkafa da tukar rake su zama sinadaran da yau ake tatsowa daga man fetur. Kafafen labarai su cafe, su liƙa masa laƙabin “kore”, wato marar illa ga muhalli. Wannan laƙabin ne ya ishe ni.

Ba ilimin nake musu ba. Ruwan nan gishiri ne da ke zama a narke ƙasa da digiri 100 na Salshiyos, kuma ba sabon abu ba ne, don tun 1914 Paul Walden ya haɗa irinsa. A 2002 ayarin Robin Rogers a Jami’ar Alabama ya nuna cewa yana narkar da selulos, zaren tsirrai mai taurin kai da ruwa ba ya iya masa. In an sa wa gishirin asid sai ya yi aiki biyu: ya narkar da zaren, ya kuma tsittsinka shi zuwa sukari, sukarin ya rikiɗe ya zama wani sinadari da ake kira HMF, wanda daga gare shi ake iya yin roba. A 2007 masana a Amurka sun samu kusan kashi 70 cikin 100 na HMF daga sukarin gulukos. Madalla. Amma da gishirin kuromiyom suka yi, ƙarfen da ba a wasa da shararsa.

To ina koren yake? Hujjar masu kiransa kore ɗaya ce: ruwan ba ya tashi ya bi iska. Wannan hujjar kuwa ita ce matsalar. Abin da ba ya tururi da wuya a tace shi ta hanyar dafawa, don haka kafin a ciro HMF daga cikinsa sai an kawo wani sinadarin mai tashi, irin wanda aka ce an guje wa. An kori kura ta ƙofa, ta dawo ta taga. Ga kauri da ke wahalar da famfo. Nau’o’in ruwan masu sinadarin kuloraid a jiki suna cin ƙarfen tukunya, wasu kuma guba ne ga halittun ruwa. Sannan akwai baƙin datti da ake kira humin, wanda ke taruwa a ciki duk zagayen da aka sake amfani da ruwan yana kashe masa ƙarfi. A ɗakin gwaji sau da yawa kilo ɗaya na kara yana cin kilo goma ko fiye na ruwan. In kaɗan ya salwanta a kowane zagaye, riba ta tafi.

Masu kare shi za su ce kowace fasaha da tsada take farawa. Shekara ashirin da ɗoriya ana jin wannan. A halin yanzu furfural ɗin da duniya ke saye, wani sinadari da ake tatsowa daga tsirrai, mafi yawansa daga Sin, da totuwa da ruwan batir ake yin sa, kusan yadda kamfanin Quaker Oats ya fara a farkon shekarun 1920.

Inda na ga hankali shi ne aikin Jason Hallett da Tom Welton a Imperial College ta Landan. Sun bar gishiri mai tsada, suka haɗa wani sinadari mai araha da ake kira amin da asid ɗin sulfur, suka samu ruwan da ke jure jiƙa, yana cire lignin, wato ƙaron da ke riƙe zaren tsirrai, ya bar selulos. Ba su nemi burgewa ba, lissafin kuɗi suka fara yi.

Masu ba da kuɗin bincike su daina karɓar rahoton da kason sinadarin da aka samu kawai yake nunawa. A tilasta wa mai bincike ya faɗi zagaye nawa ruwan ya yi da kara na gaske, mai toka da ƙasa, nawa ya ɓata, kuma ina aka zubar da ragowar.