Ka biya kuɗin suna, amma wani ne mai shi

Babu hidimar zamani da ake sayar wa ƙananan 'yan kasuwa da makarantu da ƙungiyoyi a Najeriya cikin rufa-rufa irin rajistar sunan shafin intanet, wato domen, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu sayarwar sun san gaskiyar lamarin sarai, sai dai sun lura cewa ribarsu tana cikin yin shiru. Ana ce wa mutum ya zo ya sayi suna, ya biya, a ba shi rasit, ya je ya buga sunan a allon shago da katin kasuwanci da ledar kaya, yana zaton ya mallaki abu. Alhali babu mai mallakar domen har abada. Haya ce ta shekara-shekara, wadda a sunayen da ke ƙarewa da .com ba ta wuce shekara 10 a biya ɗaya, kuma da zarar wa'adi ya cika ba a sabunta ba, shafi ya ɗauke, imel ɗin da ke ɗauke da sunan ma ya daina karɓar saƙo.

Yaudarar tana farawa ne tun daga farashi. Kamfanin Verisign na Amurka, wanda ke riƙe da kundin .com na duniya baki ɗaya, yana karɓar kuɗinsa a kan kowane suna daga hannun kamfanonin rajista: dala 7.85 ne daga 2012 har zuwa 2021, sannan aka riƙa ƙari duk shekara har ya kai dala 10.26 a watan Satumbar 2024, ban da 'yan kwabban da ICANN, hukumar da ke sa ido kan sunayen intanet a duniya, ke karɓa. To, wanda ya tallata maka suna a kan dala ɗaya ko biyu a shekarar farko, shi da ya biya fiye da dala goma, sadaka yake yi? Romon baka ne kawai. Farashin shekara ta biyu yana can ƙasa da ƙananan haruffa, inda ido ba ya kaiwa, kuma kafin ka gama biya an riga an cusa maka wasu hidimomi da ba ka nema ba a cikin lissafin, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana cirewa.

Sai kuma masifar dala. A watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, amma kafin shekara ta zagayo ta haura 1,400, wato kuɗin sabuntawa ya ninka har uku ba tare da an ƙara wa mutum komai ba. Tun 2022 kuma bankuna da dama suka rufe biyan kuɗi zuwa ƙasashen waje da katin naira, ba su fara buɗewa ba sai tsakiyar 2025. A tsawon wannan lokaci mutum yana da kuɗinsa a asusu, yana kallon ranar ƙarewar wa'adi tana matsowa, katinsa kuma ana ta mayar masa da shi.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da abin da wasu masu haɗa shafuka ke yi, kuma a kansu ne fushina ya fi yawa. Ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai ta ba wani matashi kwangilar shafi, muka biya shi kuɗin suna da na masaukin shafin a intanet da na aikinsa, muka karɓi rasit mai hatimi. Ashe da ya je yin rajista, sunansa ya rubuta a gurbin mai suna, da imel ɗinsa da lambar wayarsa, tamkar dillalin da ka aika ya kama maka rumfa a Kantin Kwari ya dawo da takardar haya ɗauke da sunansa. Ba mu san da haka ba sai da ya ƙara kuɗin kulawa ƙarin da ya wuce hankali, muka ce za mu koma wani kamfani, muka nemi lambar sirrin da ake mayar da suna da ita daga wani kamfanin rajista zuwa wani. Daga ranar ya daina ɗaga waya. Muka rubuta wa kamfanin da ya yi rajistar a wurinsa, muka haɗa da rasit da takardar shaidar ƙungiya, amsar da aka ba mu ita ce ba su san mu ba. Abin takaicin shi ne, bisa ƙa'ida gaskiya suka faɗa. Dokar ICANN ta wajabta wa kamfanin rajista ya ba da wannan lamba cikin kwana biyar idan an nema, amma ga wanda sunansa ke cikin kundi, kuma a kundin mu baƙi ne. Dokar da aka yi don kare mai kuɗi sai ta koma garkuwar wanda ya ci amanarsa.

Da wa'adi ya matso, an aika da saƙonnin tunatarwa kamar yadda ƙa'idar ICANN ta 2013 ta tanada, ɗaya saura kusan wata guda, ɗaya saura mako guda, dukansu zuwa imel ɗinsa. Bai sabunta ba, bai kuma sanar da mu ba. Bayan ƙarewar wa'adi akwai 'yan kwanakin sassauci da ba sa wuce 45, sannan kwana 30 da ake iya ceto sunan da kuɗin fansa wanda ya ninka na sabuntawa sau da yawa, sannan kwana biyar na jiran gogewa. Mun ƙirga su muna kallo, ba mu da ikon taɓa komai, muna fatan idan sunan ya fito fili mu sake kama shi. Ina! Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, kwamfutocinsu na dakon duk sunan da aka saki su cafke shi cikin daƙiƙa. Yau wanda ya rubuta adireshin ƙungiyarmu tallar caca yake gani, da sanarwar cewa sunan na sayarwa ne, da dala.

Wani zai ce a kai ƙara. Akwai tsarin sasanta rikicin suna tun 1999, amma shigar da ƙara a cibiyar WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, dala 1,500 ne a gaban alƙali ɗaya, ban da kuɗin lauya, kuma sai ka nuna kana da haƙƙin tambarin kasuwanci a kan sunan tare da tabbatar da mugun nufin wanda ya riƙe shi. Wace ƙungiyar unguwa ce ke da wannan ƙarfi?

Na san za a ce mu koma .ng na Najeriya, wanda ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 ke kula da shi, inda ake biya da naira kuma .com.ng ya fi araha. Shawara ce mai kyau, ta kuma magance matsalar dala, amma ba ta hana mai haɗa shafi rubuta sunansa a madadin naka. Abin da nake nema daga NiRA da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, da kamfanonin rajista na cikin gida ba shi da tsada ko kaɗan: a rubuta farashin sabuntawa kusa da na shekarar farko da haruffa masu girma ɗaya, a riƙa tura tunatarwa ta saƙon waya, da Hausa ga mai buƙata, tunda mutanenmu ba kullum suke buɗe imel ba, a kuma buɗe hanya mai sauƙi da wanda ke riƙe da rasit da takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC zai ƙwato sunansa daga hannun ɗan kwangila. Wanda kuma aka samu ya karɓi kuɗin mutane ya yi rajista da sunan kansa ba da saninsu ba, a soke izininsa na dillanci, a miƙa shi ga hukuma a matsayin mai zamba cikin aminci.