Matasa, Ku Yi Hankali da Masu Yanka Muku Rana

'Yan'uwana matasa na ikkilisiyoyin Katsina, Malumfashi, Kafur da Funtuwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu.

Da yawanku jira kuke yi. Wani ya gama bautar ƙasa, takardunsa sun yi laushi a cikin leda don yawan zagaye ofisoshi. Wata ta gaji da tambayar "yaushe za mu sha biki?" a bakin coci. Akwai waɗanda yajin aikin malaman jami'a na wata 8 a 2022 ya ture musu lissafi, suna farfaɗowa sai aka cire tallafin mai a 2023. Akwai kuma waɗanda gonar gidansu ke wajen Ƙanƙara ko Faskari, ba ta nomuwa saboda 'yan bindiga. Duk wanda ya ce muku wannan ƙaramin abu ne, bai faɗi gaskiya ba.

Abin da ya dame ni shi ne inda wasunmu ke zuwa neman bege. Kusan kowa ya haddace Irmiya 29:11, inda Ubangiji ya ce nufinsa gare mu na alheri ne. Muna liƙa ta a status na WhatsApp, muna rera ta a zumuntar matasa. Amma mutum nawa ne suka koma sura ta 28 suka karanta abin da ya faru kafin nan?

Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya riga ya kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila. Sai wani annabi mai suna Hananiya ya miƙe a Haikali ya ce cikin shekara 2 za a karya ikon Babila, kowa ya dawo gida. Har ya cire karkiyar da annabi Irmiya ya rataya a wuyansa don alamar bauta wa Babila, ya karya a gaban jama'a. Wa zai ƙi jin irin wannan wa'azi? Irmiya da kansa ya ce amin, Allah ya sa haka. Amma Ubangiji bai aiki Hananiya ba, kuma a shekarar ya mutu. Saƙon gaskiya da Irmiya ya aika Babila shi ne shekara 70. Wato yawancin waɗanda aka karanta wa wasiƙar a can za a binne su. Ga mutanen nan aka faɗi ayar da muke so.

Hananiya yana da magada a yau. Su ne masu ce maka kafin ƙarshen wata za a kira ka aiki, in dai ka "shuka iri" ko ka sayi kwalbar man shafewa. Wata ya ƙare, shiru. Sai a ce bangaskiyarka ce ta yi kaɗan. Ka ga an ci kuɗinka, an kuma bar ka kana zargin kanka, daga baya ka fara zargin Allah a kan alkawarin da bai taɓa yi ba. Daga nan ne wasu ke zamewa zuwa cacar waya, wasu kodin da tiramol, wasu su bi ta Jibiya ko Kwangwalam su nufi Agadez da Libiya ba tare da ko sallama ba.

To me Irmiya ya ce su yi cikin shekarun nan? Su gina gidaje, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da suke ciki, su yi masa addu'a. Shi ma bai tsaya ga baki ba. A sura ta 32, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare, ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa, aka kira shaidu, aka sa takardun a tukunyar ƙasa don su daɗe. Manomanmu sun san wannan: shukar binne ake yi ƙasa a bushe, ba ko gajimare, domin an san Mai ruwan.

Saboda haka, ƙanena, digirinka ba zai lalace ba don ka koyi gyaran waya, walda ko haɗa sola. Ƙanwata, shekarun da kike gidan iyaye ba a ajiye su a gefe ba, rayuwarki ce take tafiya. Ki koyi sana'a, ki ƙara karatu, ki koyar a makarantar Lahadi. Ku yi wa Katsina addu'a da sunanta, har da maƙwabtanmu Musulmi, domin ɗan bindiga ba ya tambayar addini kafin ya kora shanu.

Wani abu kuma, musamman ga shugabannin zumunta. Ku daina rufe wa mai kuka baki da "yi haƙuri kawai". Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe?" sau 4 a farkon Zabura 13, ba a kuma cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Iliya ya zauna gindin itace ya roƙi mutuwa. Mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya, kafin a yi wata magana. Yesu ma a Getsamani ya gaya wa almajirai uku cewa ransa na baƙin ciki har ga mutuwa, ya ce su zauna tare da shi. Idan Ubangijinmu ya nemi abokan zama, kai wane ne da za ka ce kunya ce?

In ka kai inda barci ya ƙaurace maka, abinci ba ya shiga, ko tunanin kashe kanka yana zuwa, kada ka jira ranar Lahadi. Ka gaya wa fasto, ko wata uwa a zumuntar mata, ko aboki mai riƙe amana, yau ɗin nan. Wanda aka gaya wa kuma, ya yi addu'a da shi, sannan ya raka shi asibiti ya ga likita.