Abin da littafin magatakarda ya sani game da ƙaramin cocin Baftis

Idan ƙaramin cocin Baftis a wani gari na kudancin ƙasar Amurka ya cika shekara 100 ko 150, kwamitin biki kan buga ɗan littafin tarihi. Tun kafin ka buɗe ka san abin da ke ciki: shekarar kafuwa, sunayen fastoci a jere, ranar da gobara ta cinye ginin katako, ranar da aka tayar da na bulo, sai hoton mawaƙa a bangon baya. Ban raina ƙoƙarin ba. Sai dai wannan labarin gini ne da ma'aikata. Labarin jama'ar yana cikin wani littafi dabam, wanda magatakardan ikilisiya ke rubuta abin da aka yanke a taron membobi, kuma shi ne aka fi barin sa a kabad.

Nauyin wannan littafi daga tsarin ɗariƙar ya fito. Tun lokacin da John Smyth ɗan Ingila da mutanensa suka kafa ikilisiyar farko a Amstadam ta ƙasar Holan a 1609, Baftis ba su yarda da bishop a kansu ba. Kowace ikilisiya gashin kanta take ci: ita ke kiran fasto, ita ke sallamarsa, ita ke karɓar wanda ya furta bangaskiya da bakinsa aka nitsar da shi cikin ruwa. Babu wata fada a sama da ta wajabta wa kanta ajiye mata tarihi. Ranar da gara ko ruwan sama suka ci littafin, shi ke nan.

A ƙarni na 19 yawancin irin waɗannan coci-coci sau ɗaya a wata suke samun wa'azi, domin faston manomi ne da ke zagaya ikilisiya uku ko huɗu. Ranar Asabar kafin Lahadin wa'azi ake zaman taro. A nan ake sa mashayi horo, a tuhumi wanda aka gani wurin rawa, a sulhunta maƙwabta, a ba mai ƙaura wasiƙar sallama da zai kai wa sabuwar ikilisiyarsa. Kusan kotun garin ke nan, kuma ita ce makarantar da talaka ke koyon ɗaga hannu ya kayar da ra'ayin mai kuɗi.

Dubi ikilisiyar Sandy Creek a jihar Karolina ta Arewa. Shubal Stearns ya kafa ta a 1755 da mutum 16. Cikin 'yan shekaru membobi suka kai 606, cikin shekara 17 kuma coci 42 suka tsiro daga gare ta. Wannan ne ɓangaren da ake son karantawa ranar biki. Amma bayan da gwamnan mulkin mallaka ya murƙushe boren manoma a Alamance a 1771, shekarar da Stearns ya rasu, iyalai suka yi ta ƙaura har ikilisiyar ta koma mutum 14. Daga baya, wajajen 1830, gardama kan ƙungiyoyin mishan da makarantar Lahadi ta raba ta biyu. Wanda ya ba da labarin 606 ya tsallake na 14 bai faɗa mana yadda coci ke rayuwa ba.

Inda shirun ya fi yawa shi ne batun bauta. Kafin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, galibi bayi da iyayen gijinsu a coci ɗaya suke sujada, bayin a baya ko a saman bene. Magatakarda kan rubuta bawa da sunansa na fari kawai, sai sunan wanda ya mallake shi. A kan wannan batu ne Baftis na kudu suka ɓalle suka kafa babban taronsu a Augusta ta jihar Jojiya a 1845, kuma sai a 1995, bayan shekara 150 cif, taron ya nemi gafara a hukumance. Da yaƙi ya ƙare, baƙaƙen fata suka fice suka gina nasu. Shi ya sa za ka tarar da cocin Baftis biyu a gari ɗaya, na farare da na baƙaƙe, alhali tushensu ɗaya, babin farko na tarihin ɗayan yana kulle a kabad ɗin ɗayan.

Ba ƙaramin abu ba ne ga jikoki. Ƙidayar Amurka ta 1850 da ta 1860 ba ta rubuta sunayen bayi ba, shekaru da jinsi da launi kawai ta lissafa ƙarƙashin sunan ubangida. Sau da yawa layin da magatakarda ya rubuta ranar baftisma shi ne kaɗai wurin da sunan wata kaka ya tsira.

Na san abin da za a ce: tonon silili ne, kuma jikokin waɗanda aka ambata suna nan zaune a benci ɗaya. Akwai gaskiya a ciki. Horon da aka yi wa wanda yake raye, ko wanda 'ya'yansa ke raye, ba na bugawa ba ne, rufin asiri ya fi. Amma abin da ya shekara 160 ya wuce wannan uzuri, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutanen da Littafinsu bai ɓoye zunubin Dawuda ko musun Bitrus ba, da wane dalili za su ɓoye na dikonin da ya ba da filin coci?

Aikin ma ba mai tsada ba ne. Ɗakin ajiyar tarihin Baftis na kudu da ke Nashville ya daɗe yana ɗaukar hoton irin waɗannan littattafai, yau kuwa wayar hannu ma ta isa. Kafin kwamiti ya zaɓi hoton bango, a ɗauki kowane shafi, a ajiye kwafi a wajen ginin, a aika da ɗaya wa cocin da ke ɗaya gefen garin.